Darasi na Bakwai: Lambun Bokiti Mai Shayar da Kansa da Ruwan Sama

A Kano da Katsina da Maradi da Damagaram, damina ba ta daɗewa. Ruwa kan zauna daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, daga nan sama ta ɗauke har tsawon wata bakwai ko takwas. Ruwan da ke zuba daga rufin ɗakinmu a damina yakan bi kwata ya tafi a banza, da rani kuma mu koma sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa. A wannan darasi za mu koyi tara ruwan nan, mu kuma haɗa bokitin da zai riƙa shayar da shuka kaɗan kaɗan, ba tare da ɓarnar ko ɗigo ba. Ba sai mai gona ba. Matar da ke zaune a gidan haya, da ɗan fili a bakin ƙofar ɗaki, za ta iya samun alayyahun miyarta.

Tara ruwa

Ga lissafin da ya kamata kowa ya haddace: idan aka yi ruwan milimita 1 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1, an sami lita 1. Ɗakin kwano mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, rufinsa murabba'in mita 20 ne. In aka yi ruwan milimita 15, to 20 sau 15, lita 300 ke nan. Wani zai fantsale, wani ya zube, amma abin da ya rage zai cika duro mai lita 200 a ruwa ɗaya tak.

Ku sa maƙeri ya lanƙwasa muku kwano a bakin rufin, ya tattara ruwan zuwa indararo guda. A ƙarƙashinsa za a girke duron. Ku ɗora shi a kan bulo biyu ko uku a wuri mai tauri, domin cikakken duro nauyinsa ya kai kilo 200, kuma in ya ɗan ɗaga za ku iya sa famfo a ƙasansa, ku tara bokiti. Kada ku yi amfani da duron da aka taɓa zuba fetur, baƙin mai ko maganin feshi, ko an wanke shi sau goma. Ruwan farkon damina kuwa ku bar shi ya zube, ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye tukuna.

Murfi wajibi ne. Sauro na yin ƙwai a ruwan da ke kwance, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma tsutsarsa ta zama sauro mai cizo. Ku ɗaure bakin duron da tsohon gidan sauro inda ruwa ke shiga, sauran kuma ku rufe ruf. Murfin yana hana gansakuka, yana kuma kare yaro mai leƙe-leƙe daga faɗawa ciki. Wannan ruwan na shuka ne; in za a sha, sai an tafasa.

Haɗa bokitin

Ku nemi bokitin fenti biyu masu girma ɗaya, irin na lita 20, ku wanke su tas. Sai ƙaramin kofin roba, guntun bututun roba da ya ɗan fi bokitin tsawo, da ƙusa.

Bokiti ɗaya shi ne rijiyar ruwa, ɗayan shi ne gona. In kun zura na biyu cikin na farko za ku ga an bar sarari a ƙasa. Nan ruwa zai zauna. A tsakiyar gindin bokitin sama ku yanka rami daidai bakin kofin, yadda kofin zai rataya ya kusa taɓa gindin bokitin ƙasa. Ku zafafa ƙusa a wuta, ku huda jikin kofin ko'ina, ku kuma yi ƙananan huji da yawa a sauran gindin bokitin saman don iska ta shiga. A gefen gindin ku yanka wani rami da bututun zai bi, ta cikinsa za a riƙa zuba ruwa. Bakin bututun na ƙasa ku yanke shi a karkace, don kada ya manne da gindi ya toshe.

Saura huji ɗaya, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. A jikin bokitin ƙasa, ɗan ƙasa kaɗan da inda gindin na sama ya tsaya, ku huda rami mai faɗin ɗan yatsa. Ta nan rarar ruwa za ta fita. In babu shi, ruwan Agusta zai cika bokitin, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, ganye ya yi rawaya alhali yana cikin ruwa tsundum.

Yaya ruwa ke hawa sama? Ku tuna lagwanin fitila: gindinsa na cikin kananzir, man yana hawa da kansa zuwa inda wuta ke ci. Ƙasar da ke cikin kofin haka take yi. Tana jan ruwa zuwa sama, saiwa ta sha iya buƙatarta. Wanda bai da kofi zai iya zura tsumma ta ramin, rabi a ruwa rabi a ƙasa, sai dai tsumman auduga yana ruɓewa da wuri, na yadin roba ya fi daɗewa.

Ƙasa da shuka

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Laka zalla tana daskarewa ta shaƙe saiwa, yashi zalla kuma ba ya jan ruwa. Ku gauraya kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai wanda ya daɗe ya huce. Ku jiƙa haɗin, ku fara cika kofin ku danna shi sosai da babban yatsa, sannan ku zuba sauran a bokitin ba tare da dannawa ba.

Alayyahu, latas, yakuwa, lalo da na'a-na'a duk suna yi da kyau. Tumatir, tattasai ko attarugu kuwa, tushe ɗaya ya ishi bokiti ɗaya. Kada kwaɗayi ya sa ku cusa uku. Zogale ku bar shi ga ƙasa, saiwarsa ta fi ƙarfin bokiti.

A mako biyun farko ku riƙa yayyafa ruwa ta sama har saiwa ta kama. Bayan haka sai ta bututu kawai: ku sa mazurari, ku zuba har ruwa ya fara ɗiga ta hujin gefe, sai ku tsaya. Ku toshe bakin bututun da tsumma saboda sauro. Ku rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ku naɗe bokitin da buhu, ku matsar da shi inda zai sami hantsi amma ya tsira daga ranar azahar. In kun ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar, gishiri ne ya taru, musamman ga masu haɗawa da ruwan rijiya ko burtsatse. Ku kwarara ruwan sama ta sama har ya fita ta hujin.

Duro ɗaya ba zai kai ku ƙarshen rani ba, gara ku san haka tun yanzu. A ce kuna da bokiti 4, kowanne na shan lita 1 a rana lokacin sanyi: lita 200 za ta yi kwana 50. Tumatir mai 'ya'ya a cikin zafi yana shan fiye da haka. Don haka ku cika jarkoki ma tun ana ruwa, ku kuma riƙa tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, matuƙar babu sabulu ko gishiri a ciki.

Aikin gida

Ku auna tsawo da faɗin rufin ɗakinku, ku rubuta a littafi. In aka yi ruwan milimita 10, lita nawa za ku samu? Mai jarka 6 masu lita 25 da bokiti 3, kowanne na shan lita 2 a rana, kwana nawa ruwansa zai yi? Ku zo da amsa a aji na gaba, tare da ƙusa da kofin roba.