Kafin ka sayi kwamfuta mai ARM, fara duba firintarka

Bara ƙanena ya aiko mini da laftof sabuwa fil daga Abuja, mai ƙwaƙwalwar ARM. Shagona na buga takardu da yi wa ɗalibai rajista yana Tudun Wada, kusa da Jami'ar Jihar Gombe, kuma batirinta ne ya fara burge ni: tun safe har la'asar ba ta nemi caji ba. Wanda ke sayen man janareta kullum ya san darajar wannan. Kwana biyu da zuwanta na jona tsohuwar firintata, ta ƙi. Na jona na'urar ɗaukar zanen yatsa da muke yi wa masu bautar ƙasa rajista da ita, nan ma shiru, ga mutane sun yi layi har bakin titi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwaƙwalwar Intel da ta AMD yare ɗaya suke ji, wanda ake kira x86, kuma kusan duk manhajar da muka saba da ita da shi aka rubuta ta. ARM yarenta daban. Apple ya fara mayar da kwamfutocinsa na Mac kanta a Nuwamban 2020 da ƙwaƙwalwar M1, sannan laftof masu ƙwaƙwalwar Snapdragon X, ita ma ta ARM, suka fito da Windows 11 a 2024. Don kada tsofaffin manhajoji su mutu, an sa tafinta a tsakani: Rosetta 2 a Mac, Prism a Windows. Tafintan nan yana ƙoƙari ƙwarai, yawancin manhajojin rubutu da zane suna tashi lafiya. Amma a Windows ba ya fassara direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta ko sikana. Dole kamfanin na'urar ya fitar da direban ARM64, in bai fitar ba, babu dabarar da mai gyara zai yi maka.

Saboda haka, kafin ka ciro kuɗi, ɗauki biro ka rubuta duk abin da kake jonawa da waya: firinta, sikana, na'urar yatsa, injin yanka sitika, na'urar buga katin shaida. Shiga shafin kamfanin kowacce, ka nemi lambar samfurinka, ka ga ko akwai direban ARM64. Firintar zamani mai aiki ta Wi-Fi sau da yawa Windows kan gane ta da kansa, tsofaffin da muke saya na hannu su ne abin tsoro. Ka haɗa da manhajar kashe bairos da ta VPN a lissafin, domin su ma da direba suke aiki.

Sai ka tabbatar da abin da ake sayar maka, kada ka tsaya ga bakin mai shago. A Windows buɗe Settings, System, About, ka karanta layin System type. Zai nuna x64 ce, wato ta Intel ko AMD, ko kuwa ARM. A Mac danna alamar tuffa, About This Mac: in ka ga Chip, ta Apple ce, in ka ga Processor, Intel ce.

Mai son Mac ya lura da abu biyu. Boot Camp, da ake sa Windows a gefe da shi, ba ya aiki a kan M1 da ƙannenta. Sai dai irin su Parallels, mai tayar da Windows a cikin Mac, shi ma Windows na ARM zai ɗora maka, matsalar direba tana nan. Tsohuwar manhaja mai 32-bit kuwa tun macOS Catalina na 2019 ta daina tashi.

Shawarar da na fi ba abokan sana'a ita ce su ɗauki na'urar a Keke Napep su kai ta shagon, a jona a gabansu, a buga takarda ɗaya kafin a biya. Kuma kada ka sayar da tsohuwar kwamfutarka sai sabuwar ta yi wata guda tana aiki. Tawa na riga na yi cinikinta da wani maƙwabci, Allah ya sa bai kawo kuɗin ba. Yanzu tana kusurwar shago da firinta da na'urar yatsa, sabuwar kuma ita nake buga furojet ɗin ɗalibai da ita idan an ɗauke wuta.