Darasi na 9: Wasiƙun Romon Baka da Ake Aika wa Masu Fodkas

Fodkas shiri ne na murya da mutum yake naɗa ya ɗora a intanet, mai saurare ya ji a wayarsa duk sa'ad da ya ga dama. Wani karatun addini yake ɗorawa, wata girke-girke, wani hira da manoma ko sharhin ƙwallo. Ko wane iri kuke yi, ba za a daɗe ba wasiƙu za su fara shigo muku ta imel daga mutanen da ba ku taɓa jin ko sunansu ba. Galibi da Turanci suke zuwa, kuma da yabo suke buɗewa.

Masu aiko su iri biyu ne. Akwai ɗan kasuwa mai zuzuta hajarsa har ya wuce gona da iri, akwai kuma ɓarawo tsantsa. Na farko kuɗinku zai ci ya ba ku abin da ba shi da amfani. Na biyu shafinku yake so, ko asusunku na banki.

Ina suka samo adireshinku?

Kowane fodkas yana da wani shafin bayanai da ake kira RSS. A ciki akwai sunan shirin, hotonsa, jerin kashi-kashin da aka fitar, sau da yawa har da imel ɗin mai shi. Daga nan ne Apple Podcasts da Spotify da sauran manhajoji suke ɗaukar shirin su kai wa jama'a. Shafin a buɗe yake ga kowa. Na'ura tana iya bi ta kwashe adireshin dubban masu shiri, ta aika musu wasiƙa iri ɗaya, sunan shirin kawai take sauyawa. Wani lokaci ma na'urar kan yi tuntuɓe, wasiƙa ta iso da gurbin sunan ba a cike ba. Don haka sanin sunan shirinku ba shaida ba ce cewa mutum ya saurari ko da minti ɗaya.

Mu karanta ɗaya tare

Ga fasalin irin wasiƙar, da Hausa:

*Kan wasiƙa: Re: maganar shirinka*

*Barka! Ina matuƙar son shirinka, kashin ƙarshe ya burge ni ƙwarai. Albishirinka, shirin ya hau mataki na 12 a jadawalin Apple! Da taimakonmu zai shiga goman farko cikin mako biyu, kuma mun ba ka tabbacin saukewa 10,000. Gurbi uku kacal ya rage, gobe za mu rufe. Latsa nan.*

Mu fara daga sama. Haruffan nan "Re:" manhajar imel ce take sa su idan mutum yana amsa wasiƙar da aka rubuta masa. Mai talla kuwa da hannunsa yake rubuta su, don ku zaci wata magana ce kuka fara kuka manta. Ku leƙa cikin wasiƙun da kuka aika. In ba ku taɓa rubuta masa ba, to da ƙarya ya yi sallama. A Amurka akwai dokar CAN-SPAM ta 2003. Ta hana kan wasiƙa mai yaudara, ta kuma wajabta wa mai talla ya rubuta adireshin gidan waya na gaskiya da hanyar da za a ce masa ya daina aikowa. Ku gangara ƙasan wasiƙar ku duba ko suna nan.

Sai yabon. "Ya burge ni ƙwarai" magana ce da ta dace da kowane shiri a duniya. Me ya burge shi? Wane baƙo? Wace magana? Idan da Hausa kuke shiri, mai wasiƙar kuma bai nuna alamar yana jin ko "sannu" ba, ai an gama magana. Sai dai a kula, yanzu akwai manhajojin da ke karanta ɗan bayanin da kuka rubuta a ƙarƙashin kowane kashi, su tsara yabo da shi. In kun ga kalmominku ne aka juya aka dawo muku da su, babu wani abu daga cikin hirar kanta, to na'ura ce ta yi aikin.

Batun mataki na 12 shi ne ya fi kama mutane, domin sau da yawa gaskiya ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne: a wace ƙasa, kuma a wane rukuni? Apple ba jadawali ɗaya gare shi ba. Kowace ƙasa da nata, kuma ƙasashen sun haura 170. A cikin kowace ƙasa an sake rarraba shirye-shirye rukuni-rukuni: addini, wasanni, ilimi, labarai da sauransu, wasu rukunan ma da 'ya'yansu. Jadawalin kuma ba ya nuna wanda ya fi kowa masu saurare tun fil azal, ya fi karkata ga motsin 'yan kwanakin nan. A ƙaramar ƙasa wadda masu amfani da iPhone ba su da yawa, 'yan mutane ƙalilan in suka bi shirinku a mako guda suna iya cilla shi sama, bayan kwana biyu ya sauko. Abin farin ciki ne, ba laifi ku yi murna. Amma ba dalilin fitar da kuɗi ba ne, kuma kuna iya duba jadawalin da kanku kyauta.

Tabbacin saukewa 10,000 fa? Ba wanda ya isa ya yi muku alkawarin kunnuwan mutane. Abin da ake iya alkawartawa shi ne lamba, ita kuwa lamba na'urori ne suke ƙirƙirarta: wayoyi ko kwamfutoci da aka jera suna sauke shiri ba mai ji. Za ku ga adadi ya tashi, amma ba saƙo ko ɗaya daga mai saurare, ba wanda ya kira, kuma ranar da kuɗinku ya ƙare adadin ya faɗo ƙasa warwas. Dokokin Apple sun hana murɗiyar jadawali da sharhin bogi, kuma shirinku ne za a hukunta, ba wanda ya karɓi kuɗin ba. Masu ba da talla na gaske ma ba yara ba ne. Akwai ƙa'idar ƙirga ta ƙungiyar masu harkar talla a intanet, wato IAB, da manyan kamfanonin ajiye fodkas suke bi, wadda ke tace na'urorin da aka sani, ba ta kuma ƙirga na'ura ɗaya sau da yawa a kan kashi ɗaya cikin awa 24.

"Gobe za mu rufe" kuwa, don kada ku samu lokacin shawara ne. Ku bar shi mako guda, yawanci za ku ga ya sake rubutowa da ragi.

Sayar muku da abin da yake kyauta

Wasu kan ce ku biya su sa shirinku a Apple Podcasts da Spotify. Ba a biyan ko sisi a kan wannan. Kuna iya yi da kanku ta Apple Podcasts Connect da Spotify for Creators, kuma yawancin kamfanonin da ke ajiye shiri suna yi wa abokan cinikinsu. Ku duba jerin manhajojin da suka lissafa. In kun ga Stitcher, an rufe shi tun 2023. In kun ga Google Podcasts, an rufe shi a 2024. Mai tallar da bai san da haka ba, tsohuwar takarda yake ta kwafa.

Haka batun lambar yabo. Akwai gasa na gaskiya da ake biyan kuɗin shiga, wannan sananne ne, amma a fili suke bayyana alƙalansu da waɗanda suka yi nasara a baya. Wanda ya ce kun ci gasar da ba ku shiga ba, sannan ya nemi kuɗin kofi ko na satifiket, kofi yake sayarwa.

Tayin ɗaukar nauyi: a nan ɓarayi suke

Wannan karon ba kuɗi ake nema a wurinku ba, ku za a bai wa. Wasiƙa za ta zo da sunan wani babban kamfani, a ce ana son a sa talla a shirinku. Kafin ku amsa, ku ɗauki biro.

Yawancin tallar fodkas a kan kowace saukewa dubu ake biya. Mu ɗauka farashin dala 25 ne a kan dubu, kowane kashi naku kuma mutum 400 ke saukewa. Lissafi: 400 a raba da 1,000, a ninka da 25, ya ba da dala 10. To ga wani ya ce zai ba ku dala 2,000 a kan kashi ɗaya, bai ma tambayi yawan masu saurarenku ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai talla na gaske tambayarsa ta farko ita ce mutum nawa ke ji, daga ina suke, su wane ne.

Tarkon yana cikin fayil ɗin da aka maƙala, wanda za a ce yarjejeniya ce ko manhajar da za ku gwada. Idan kun shiga YouTube ko Facebook a kwamfuta, burauza, wato manhajar da kuke buɗe shafukan intanet da ita, tana ajiye wata 'yar shaida don kada ta riƙa tambayar kalmar sirri kullum. Wannan shaidar mugun fayil yake kwafewa ya aika wa ɓarawo, shi kuma ya shiga shafinku ba tare da kalmar sirri ba, ba tare da lambar da ake turowa waya ba. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Google ya fitar da rahoto kan gungun masu yin haka ga masu tashoshin YouTube da tayin haɗin gwiwa na bogi. Ya ce ya tare saƙonni miliyan 1.6, ya kuma ƙwato asusu kusan 4,000. A watan Maris na 2023 aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta Kanada ta wannan hanya, bayan wani ma'aikacinsu ya buɗe abin da ya zata takardar tayin talla ce. Tasha ce mai mabiya sama da miliyan 15, kuma kwamfuta ce sana'arsu. Saboda haka ba batun ƙauyanci ba ne. Ku duba ƙarshen sunan fayil: in ya ƙare da .exe ko .scr, ko an ƙunshe shi a cikin wani fayil mai ƙarewa da .zip an ba ku kalmar buɗewa, kada ku taɓa.

Akwai kuma gayyata. Za a ce wani shahararren shiri na son ku zama baƙo kai-tsaye a Facebook, har da kuɗin goro. Sai a kira ku "gwajin na'ura", mai kiran ya riƙa ce muku ku shiga nan, ku latsa can, har ku naɗa shi mai iko da shafinku da hannunku. Hira ba ta buƙatar a taɓa saitin shafi.

Na ƙarshe kun san shi daga kasuwa: alat na bogi. A ce an turo kuɗin talla amma an yi kuskure sun yi yawa, ku mayar da rarar. Ku buɗe manhajar bankinku ku ga kuɗin da idonku, ba hoton rasit ba.

Abin da za ku yi da yatsanku

Sunan da ya bayyana a saman wasiƙa kowa na iya rubuta abin da ya so. Ku taɓa sunan, cikakken adireshin zai fito. Ku karanta abin da ke bayan alamar @ harafi-harafi. Na Spotify da spotify.com yake ƙarewa, na Apple da apple.com. 'Yan damfara kan sa sifili a gurbin harafin o, ko su ƙara wata kalma a gaba ko a baya. Babban kamfani kuma ba ya ƙulla ciniki da adireshin Gmail na kyauta. A waya, in kun danne linki kuka riƙe ba ku saki ba, zai nuna muku inda zai kai ku.

Ko da adireshin ya yi kama da na gaske, in an ce shirinku na da matsala ko za a rufe shi, kada ku bi ta linkin wasiƙar. Ku rufe ta, ku buɗe manhajar da kuka saba shiga da ita. In da matsala, za ku tarar da sanarwa a can.

Ku buɗe imel daban domin shirin, wanda ba shi ne ke riƙe da banki da Facebook ɗinku ba. Kamfanonin ajiye fodkas da dama suna da maɓallin ɓoye imel daga RSS. Ku nema ku kunna, sai ranar da wata manhaja za ta turo lambar tabbatar da mallaka ku buɗe shi na ɗan lokaci. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman lambar da ake turowa waya bayan kalmar sirri, domin tana tare masu satar kalmar sirri ko da ba ta tare mugun fayil. Kamfanin da kuka sani, ku latsa wurin daina karɓar saƙonsa. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ku 'yancin ƙin tallar da ake turo muku kai-tsaye. Wanda kuke zargi kuwa, kada ku latsa komai a ciki, ku tura shi akwatin spam. In har kuɗi ya riga ya fita, banki za ku fara sanarwa nan take, sannan ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, da hoton wasiƙar da rasit.

Aiki

1. Ku koma kan wasiƙar da muka karanta, ku ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da za a iya aika wa kowane mai shiri ba tare da an canza komai ba.

2. Shirin wata malama mutum 1,200 ke sauke kowane kashi. A kan dala 25 kowace dubu, nawa ne kuɗin talla ɗaya? Wani ya yi mata tayin dala 1,500. Wace tambaya za ta fara yi masa?

3. Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya buɗe imel ɗinsa, ya zaɓi wasiƙar talla ɗaya, ya taɓa sunan mai aikowa, ya karanta wa abokinsa abin da ke bayan @ da ƙarfi, harafi-harafi. Kada a latsa linki ko ɗaya. Ku rubuta adireshin a littafinku, ku zo da shi aji na gaba.