Kurakuran haɗa maganin ciwon damuwa da wasu magunguna

Likita zai tambayi mutum ko yana shan wani magani, ya ce a'a, alhali ga maganin tari da na ciwon jiki a jakarsa. A ganinsa waɗannan ba su kai a lissafa ba. Gyaran mai sauƙi ne: a tattara duk kwalaye da kwalabe, har da na gargajiya, a kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna ya gani da idonsa.

Haɗin da ya fi tayar min da hankali shi ne tramadol da magungunan damuwa irin su fluoxetine ko sertraline. Kowannensu yana ƙara sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa. In ya yi yawa, sai jiki ya ɗau rawa, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ga zazzaɓi, ga ruɗewa, wani har jijjiga yake yi. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa nan take, ba sai gari ya waye ba. Maganin tari mai ɗauke da dextromethorphan ma yana iya jawo hakan, haka ganyen St John's wort da wasu ke sha don damuwa. Kodin kuwa tasa matsalar daban ce: fluoxetine da paroxetine, wani maganin damuwar, suna hana hanta sarrafa shi, sai ya ƙi kashe ciwo, mutum ya yi ta ƙari.

Ibuprofen, diclofenac da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki idan an haɗa su da magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline, musamman ga tsofaffi da masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Baƙin bahaya alama ce. Don ciwon kai, farasitamol ya fi aminci.

Mai shan amitriptyline, wanda shi ma maganin damuwa ne, ya kiyayi giya da maganin mura mai sa barci, balle in zai yi tuƙi.

Sauya magani ma da ƙa'idarsa. Bayan daina tsofaffin magungunan damuwa na rukunin da ake kira MAOI, ana jiran kwana 14 kafin a fara wani. Daga fluoxetine zuwa MAOI kuwa mako 5 ne, saboda yana daɗewa a jiki.

Wasu kuma da sun ji labarin haɗari sai su watsar da maganin damuwar rana ɗaya. Jiri, rashin barci da dawowar ciwon ne ke biyo baya. In ta kama a daina, likita ne zai riƙa rage shi sannu a hankali.