Yadda za ki koyi ba da dariya ba tare da kin buɗe baki ba

Ƴan uwa mata masu ɗan yin bidiyon barkwanci a waya a nan Kano, don Allah akwai wata mata da nake so ku nema ku kalla, sunanta Mabel Normand, ƴar Amurka ce da ta yi tashe tun zamanin da fim ba ya magana, hoto ne baƙi da fari sai ɗan rubutu a tsakani. Ta shiga kamfanin Keystone na Mack Sennett a 1912 kuma ba fitowa kawai take ba har umarni tana bayarwa, a 1914 ma Charlie Chaplin da kansa ya yi aiki a ƙarƙashinta yana sabon shiga. Abin tausayi jaridu suka sa ta gaba bayan kisan darakta William Desmond Taylor a 1922 alhali ba a kama ta da laifi ba, tarin fuka ya yi ajalinta a 1930 ko arba'in ba ta cika ba.

To ki rubuta sunanta a YouTube ki fara da gajerun, ba sa cin data sosai. Kallon farko ki sha dariyarki kawai. Na biyu ki kashe kiɗan, ki bar kowa ki bi idonta da kafaɗunta.

Daga nan ki nemi The Extra Girl na 1923, akwai wurin da take jan zaki da igiya a zatonta kare ne aka sa wa fatar zaki, jama'a na ta neman maɓoya ita ko tana tafiyarta hankali kwance. Wallahi nan ne karatun yake, ke mai kallo kin sani ita ba ta sani ba, kuma ko sau ɗaya fuskarta ba ta nuna miki wai abin dariya take yi ba. Mu nan ne muke faɗuwa, tun ba a je ko'ina ba mun fara zare ido da ihu.

Sai ki jingina wayarki da bango ki gwada. Kin sauka daga adaidaita sahu a Kantin Kwari, kin sa hannu a jaka ba kuɗi, mai mashin na jira. Kar ki ce uffan, ki laluba a hankali, ki sake lalubawa, ki duba bakin mayafi, sannan ki ɗago ki kalle shi. Ki nuna wa ƙanwarki ba bayani, in ta tambaye ki me ya faru ki goge ki sake ɗauka.