Kurakuran da aka fi yi wajen cire dalma daga ruwa da funfuna

Ɗalibai da dama a Bauchi na ɗebo ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai na Toro da Alkaleri don gwada tace shi da funfuna irin su Aspergillus niger da Rhizopus, ko da yis ɗin burodi. Hanyar tana aiki, amma wurin tsamin ruwa ake yawan tafka kuskure.

Bangon ƙwayar funfuna ne ke cafke ƙarfen. Ga dalma da kadmiyam (wani ƙarfe mai guba), a saita pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wajen 5. Idan ya yi ƙasa da 3, asid ya riga ƙarfen mamaye wuraren kamawa, sai a ce funfunar ba ta da amfani alhali ba laifinta ba ne. Idan kuma ya haura 6, dalma za ta fara kwantawa da kanta, ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono, mai gwaji ya yi ta murna da sakamakon da ba na funfuna ba. Maganin wannan shi ne a ajiye kwalba ɗaya babu funfuna, a auna su tare. Nau'in ƙarfen kuromiyam da ake kira Cr(VI) daban yake, ya fi kamuwa wajen pH 2.

Wasu kuma na zuba ɗanyar funfuna, gubar ta kashe ta. Matacciya ma tana kamawa. A wanke, a busar a digiri 60 na ma'aunin Celsius, a daka, a tankaɗe, a fara da giram 1 zuwa 2 a kowace lita, a girgiza kamar awa 2, sannan a tace. A rufe hanci lokacin daka, ƙurarta na cutar da huhu.

Kwalaben gwaji a jiƙa su cikin asid na naitirik kashi 10 cikin 100, domin dalma na manne wa gilashi.

Hasken ruwa ba shaida ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a lita, kuma sai na'urar auna yawan ƙarfe a ruwa, irin wadda ake kira AAS, ce za ta nuna an kai nan.

Abin da ya fi damun mu shi ne tukar da ta rage. Funfuna ba ta narkar da ƙarfe, tara shi take yi. Kada a zuba ta a bola, ko a gona a matsayin taki, ko inda awaki ke kiwo. A wanke ƙarfen daga jikinta da asid mai rauni, a adana ruwan wankin cikin jarka mai murfi da alamar guba a jiki.