Yadda za ka raba filash ɗin ƙaramar na'ura don kada ɗauke wuta ya kashe ta

Masu harhaɗa rauta da 'yan na'urorin lura da sola a nan Sakkwato, filash hwa, wato ɗan guntun da na'ura ke aje manhaja da saiti cikinsa, ba faifan kwamfuta ba ne. Ba ya yarda ka rubuta bisa rubutu, kamar allon makaranta yake, sai an wanke sashe gaba ɗai sannan a sake rubutu, a filash nau'in NOR irin na rauta sashen yakan zama 4KB ko 64KB, a nau'in NAND kuma galibi 128KB, kuma kowane sashe bayan gogewa wajen 100,000 ya hwara gajiya. Don haka dabarar ita ce abin da ba ya canzawa ka aje shi daban, abin da ke canzawa daban.

Ɗauki rauta mai OpenWrt, wato Linux ɗin rauta, buga cat /proc/mtd ka ga yadda anka yanka filash ɗin. U-Boot na hwarko, shi ka tada na'ura, kada ka taɓa shi. Sai kanel, zuciyar Linux, sai rootfs, inda manhajojin da sunka zo da rautar suke, wanda tsarin fayil ɗinsa SquashFS ne, matsattse, karantawa kawai ake yi. Sai rootfs_data mai tsarin fayil JFFS2, nan duk canjin da ka yi ke sauka. In rautar mai guntun Atheros ce akwai wani ɗan yanki mai suna art na 64KB mai ɗauke da saitin wayfai na wannan na'urar ita kaɗai, wallahi kwafe shi da umarnin dd ka aje kahin komi, in ya tahi babu inda za ka sauko da irinsa.

OverlayFS ne ke ɗora rootfs_data bisa rootfs su zama kamar abu guda. Shi ya sa in ka goge manhajar da ta zo cikin SquashFS ba ƙarin wurin da za ka samu, alama kawai anka sa cewa an goge ta. Amma in ka ɓata saiti, umarnin firstboot zai share rootfs_data ya maida ka sabo.

In NAND gare ka sa UBI da UBIFS, tsarin da anka yi don NAND, sun san yadda za su kauce ma sassan da sunka lalace. Katin SD da eMMC kuwa da nasu mai kula a ciki, tsarin fayil ext4 ko F2FS ya ishe su.

Inda mutane ka kashe na'ura shi ne wajen rubuta rahoto. Mutum ya sa na'ura tana rubuta ƙarhin batir cikin filash duk daƙiƙa, haba malam! Tara shi a /tmp, wanga cikin RAM yake, ka kwashe duk awa ɗaya, in wuta ta tahi ka rasa na awa guda kawai. Fayil ɗin saiti kuma kada ka rubuta bisa tsohon, rubuta sabo da wani suna, yi fsync don ya sauka cikin filash, sannan rename ka maida shi sunan tsohon.

A guntun ESP32 ni tsarin fayil littlefs nake zaɓa ba FAT ba, don an gina shi ne da tunanin wuta za ta yanke tsakiyar rubutu, kuma ka ware yankuna biyu na manhaja, ota_0 da ota_1, don in sabuntawa ta katse tsohuwar manhaja na nan.

Kahin ka kai ma mai kaya, sa na'urar tana rubutu ka zare wayar wuta, maida, sake zarewa, yi ta yi. Wadda ta kasa tashi a shagonka ba za ta tashi a Wamakko ko Bodinga ba.