Yadda Ake Gano Limfomar Zuciya ta Hanyar Ɗaukar Hoto

Limfoma sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini wadda ta saba kama kaluluwa, kuma da wuya ta fara daga zuciya. Idan ta fara daga can, yawanci ɓangaren dama take zama, musamman ɗakin sama, kuma ta fi samun masu raunin garkuwar jiki. Majiyyaci kan zo da haki, kumburin ƙafafu ko bugun zuciya mai nawa.

Da gwajin eko ake farawa, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti ta kan ƙirji. Likita zai duba ko akwai ƙari a bangon zuciya, da ko ruwa ya taru a jakar da ta lulluɓe ta. A nan ake yawan ruɗuwa, domin a ƙasashenmu tarin fuka ne ya fi jawo irin wannan ruwan. Idan hoton bai fito sosai ba, sai a zura na'urar ta maƙoshi.

Daga nan sai CT ko MRI, wato hotunan da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, bayan an gwada lafiyar ƙoda saboda ruwan da ake ɗurawa ta jijiya don hoton ya fito sosai. Wannan matakin ya fi cancanta a tsaya a kansa. Gudan jini, wanda kan yi kama da ƙari a hoto, ba ya shan ruwan da aka ɗura, ƙari kuwa yana sha. Limfoma kan kutsa cikin tsokar zuciya, ta kewaye jijiyar koronari ta dama, mai kai jini ga tsokar zuciya, ba tare da ta toshe ta ba, alhali anjiyosakoma, sankarar jijiyoyin jini, wadda ita ma ɗakin dama take so, takan nuna zubar jini da ruɓewa a cikinta.

Hoton PET-CT shi ke nuna ko cutar ta tsaya a zuciya ko daga wani wuri ta yaɗo. Kafin a yi shi, majiyyaci zai guji abinci mai sitaci da sukari, sannan ya yi dogon azumi, don kada lafiyayyar tsokar zuciya ta sha sinadarin mai kama da sukari da ake ɗurawa don hoton, ta rufe ƙarin.

Duk da haka hoto zato kawai yake ƙarfafawa. Dole a zuƙo ruwan jakar a duba ƙwayoyinsa, ko a gutsuro naman ƙarin da siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya, eko yana nuna hanya. Gwargwadon hali kada a ba da maganin sitiroyid, mai rage kumburi, kafin a ɗauki naman, domin yana narkar da ƙwayoyin limfoma har sakamakon ya fito babu komai.